Ɗakin Karatu da Ɗakin Shan Magani: Neman Sani a Unguwannin Masana'antu na Kano

Gabatarwa

Kowane ma'aikacin lafiya, likita ne ko nas ko ungozoma ko mai haɗa magani ko malamin ɗakin gwaje-gwaje, yana fita daga makaranta da wani gwargwado na ilimi, wanda shi ne jarinsa. To amma jari ne mai saurin ƙarewa, domin kullum ana gano sababbin cututtuka, ana sauya magunguna, ana kuma gyara abin da aka ɗauka daidai ne a jiya. Matsalar ta fi tsanani ga wanda yake aiki kusa da masana'antu, irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa a birnin Kano, inda majinyaci kan zo da ciwon da asalinsa wani sinadari ne da ba a taɓa ambatarsa a aji ba. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan dalilin da ya sa iya neman bayani da kwamfuta ko wayar hannu ya zama wani ɓangare na aikin jinya, da wuraren da ake taskace wannan bayani, da dabarun da ake bi a same shi, da kuma rawar da ɗakin karatu, wato laburare, yake takawa wajen koyar da su.

Cututtukan da suke tafe da sana'a

Bompai ita ce tsohuwa a cikin manyan unguwannin masana'antu na Kano, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. A cikinsu akwai kamfanonin jimar fatu da ƙiraga, da na robobi, da na matsar mai, da na casar shinkafa, da na sabulu da sauransu. Masaƙu da dama da suka yi tashe a dā sun rufe, amma tsofaffin ma'aikatansu suna nan da rai, wasunsu da ciwon ƙirji. Ruwan dattin da yake fita daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, har ya dangana da madatsar ruwa ta Wasai a yankin Minjibir. Na Sharaɗa kuwa yana bin rafin Salanta zuwa Kogin Challawa. A gefen waɗannan rafuka akwai masu noman rani da suke ban-ruwa ga latas da alayyafo da karas, saboda haka abin da ya fita daga kamfani bai tsaya ga ma'aikacin kamfani kaɗai ba.

A ɗauki sana'ar jima a matsayin misali. Majemin gargajiya yana amfani da toka da bagaruwa. Kamfanin zamani kuwa yana cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari mai suna sodiyam salfaid, sannan ya jiƙa fatar a gishiri da asid irin na ruwan batir, daga nan ya jeme ta da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam. Idan ruwan da yake ɗauke da salfaid ya gauraya da ruwan asid a kwata ko a rami, sai wata iska mai guba ta tashi, wadda ake kira haidurojin salfaid. In kaɗan ce, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa, sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya zaci ta wuce alhali a lokacin ne ta fi haɗari. Ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, shi ya sa take taruwa a ƙasan rami, kuma sau da yawa wanda ya sauka don ceton ɗan'uwansa shi ma a nan yake faɗuwa.

Shi ma kuromiyam iri-iri ne. Akwai wanda masana kimiyyar sinadarai suke yi wa lamba 3, shi ne ake jima da shi, gubarsa kuma ba ta da yawa. Akwai mai lamba 6, wanda yake haƙa gyambo mai zurfi a hannu, yana huda guringuntsin da ya raba kafofin hanci, an kuma tabbatar yana jawo sankarar huhu. Mai lamba 3 yana iya rikiɗewa ya koma mai lamba 6 idan ya sha zafi mai tsanani, kamar lokacin da ake ƙona yankakkun fatun da aka jeme. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a cikin litar ruwan sha guda. Haka nan ƙurar auduga a masaƙa tana haddasa wani ciwon huhu da alamarsa ta farko ita ce ƙuntatar ƙirji a ranar da aka koma aiki bayan hutun mako. Ƙarar inji kuwa, idan ta kai ma'aunin desibel 85 ana shan ta awa 8 kullum, tana cinye ji sannu a hankali.

Tun shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, inda ya shawarci likitoci da su riƙa tambayar kowane majinyaci irin aikin da yake yi. Tambayar tana nan da amfaninta. Sai dai idan majinyaci ya amsa cewa a sashen jiƙa fata yake aiki, amsar ba za ta yi wa malamin asibiti amfani ba sai ya san abin da ake zubawa a ruwan, ko kuma ya san inda zai duba ya sani.

Yadda ilimin magani yake tsufa

Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wannan magana ba ta hau kan tsohon littafin magani ba. Wanda ya gama makarantar koyon jinya a shekarun 1990 an koya masa cewa kulorokwin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Da ƙwayar cutar ta daina jin sa, Nijeriya ta sauya tsari a shekarar 2005, ta koma ga haɗin magunguna masu ɗauke da atimisinin, sinadarin da aka samo daga wani ganye ɗan dangin tazargade. Haka kuma an daɗe ana yi wa yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani allurar kwinin. A shekarar 2010 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya. A cikin kowane yara 100 da aka ba kwinin, kusan 11 sun rasu. A cikin waɗanda aka ba allurar atisunet kuwa, tsakanin 8 da 9 ne. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara shawararta. Ma'aikacin da labarin bai kai gare shi ba zai ci gaba da yin aikinsa da zuciya ɗaya, amma da makamin da an riga an samu wanda ya fi shi.

Guba kuwa ta fi wuyar ganewa, domin takan sa rigar wata cuta da aka saba gani. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yaran suna amai da jijjiga, alamomin da suka yi kama da na zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi musu aiki ba. Sai da aka aika jininsu ɗakin gwaji aka gano gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. A Kano ma, a watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane sun kwanta a asibitoci da amai da fitsari mai launin jini bayan shan wasu lemuka na haɗi. Daga baya hukumar NAFDAC ta bayyana cewa wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin. A duka wuraren biyu, kowace rana da aka yi kafin a gano sunan gubar, rayuka ta ci.

Inda ake taskace ilimin

Binciken likitanci ana buga shi ne a mujallu dubbai, kuma babu mutumin da zai iya karanta su duka. Saboda haka tun 1879 wani likitan soja a Amurka, John Shaw Billings, ya fara fitar da jerin sunayen maƙalun da aka buga, an kasa su bisa ga cuta da sunan marubuci. Wannan jeri shi ne Index Medicus. A shekarar 1971 Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya buɗe rumbunsa na na'ura mai ƙwaƙwalwa mai suna MEDLINE. Daga baya aka riƙa sayar da shi a faifai, ɗakunan karatu na jami'o'i suna saye. A watan Yuni na 1997 aka buɗe shi kyauta ga duk mai intanet ta ƙofar da ake kira PubMed, wadda take ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35. An daina buga Index Medicus a takarda a ƙarshen 2004.

PubMed takan ba da sunan maƙala da taƙaitaccen bayaninta, amma cikakkiyar maƙalar sau da yawa sai an biya kuɗi, kuma kuɗin wasu mujallu na shekara guda ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Don rage wannan giɓi, a shekarar 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da manyan kamfanonin ɗab'i guda 6 suka ƙaddamar da shirin HINARI, wanda ya fara da mujallu kimanin 1,500 ga cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kyauta ko da rangwame. Daga baya aka haɗa shi da takwarorinsa na noma da muhalli da fasaha da shari'a a ƙarƙashin sunan Research4Life. Abin lura a nan shi ne, mutum ɗaya ba ya yin rajista da kansa. Cibiya ce take yi, kamar jami'a ko asibitin koyarwa ko makarantar koyon jinya, kuma ma'aikacin laburare ne yake riƙe da kalmar sirrin shiga.

Akwai kuma rumbun AJOL, wanda aka fara a 1998 don tattara mujallun da ake bugawa a Afirka. Yana da muhimmanci ƙwarai ga mai aiki a Kano, domin binciken da aka yi a kan ruwan Getsi ko Salanta ya fi yiwuwa a same shi a mujallar gida, irin mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, fiye da a mujallar Ingila ko Amurka. Ga sinadarai kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun shirya katuna kimanin 1,700, kowane sinadari da nasa, ana samun su kyauta a intanet. Katin yakan faɗi alamun da ake gani idan an shaƙi sinadarin, ko ya taɓa fata, ko ya shiga ido, ko an haɗiye shi, da taimakon gaggawar da ya dace da kowanne.

Dabaru huɗu

Samun rijiya daban, iya jan guga daban. A shekarar 1974 wani Ba'amurke, Paul Zurkowski, ya fara kiran iya neman bayani da cewa wani irin yaƙi da jahilci ne mai zaman kansa. Ga ma'aikacin lafiya, ana iya kasa shi gida huɗu.

Dabara ta farko ita ce tsara tambaya. An ce tambaya rabin ilimi, amma sai tambayar da ta san inda ta dosa. A ɗauka an kawo wani magidanci ɗakin shan magani da gyambo a bayan yatsu wanda ya ƙi warkewa. Wanda ya tambayi na'ura maganin gyambo zai sami amsoshi dubbai marasa amfani. Tambaya mai kyau takan ƙunshi abubuwa huɗu: wane irin majinyaci ne, me ya same shi ko me za a yi masa, da me za a kwatanta, wane sakamako ake nema. Wato a nan sai a ce: ma'aikacin kamfanin jima, mai taɓa ruwan kuromiyam, idan aka raba shi da ruwan aka kuma wanke ciwon, shin yana warkewa fiye da wanda aka ba maganin ƙwayoyin cuta kawai ya koma bakin aikinsa? Idan ana zargin wani sinadari, sai a nemi takardar bayanin haɗari da ya kamata ta zo tare da kowace ganga ko buhu. Bisa tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003, takardar tana da sassa 16: sashe na 3 yana faɗin abin da ke ciki, na 4 taimakon gaggawa, na 11 kuma yadda gubar take aiki a jiki. Tun da sinadari ɗaya yakan yi sunayen kasuwa da yawa, an ba kowanne lambar shaida ta duniya da ba ta sauyawa. Ta haidurojin salfaid, alal misali, ita ce 7783-06-4.

Dabara ta biyu ita ce nema. Galibin rumbunan da Ingilishi suke aiki, kuma ana haɗa kalmomi da umarni guda uku. AND yana ƙuntata nema, ya kawo maƙalar da ta ƙunshi kalmomin duka. OR yana faɗaɗa shi, ya kawo wadda ta ƙunshi ko wacce daga ciki. NOT kuma yana fitar da abin da ba a so. Don tambayar da ke sama, sai a rubuta chromium AND ulcer AND tannery. Idan sakamakon ya yi kaɗan, sai a ƙara wasu sunayen da ake kiran ciwon ko sana'ar da su, a haɗa da OR. Har ila yau PubMed tana da ƙamus na daidaitattun kalmomi mai suna MeSH, wanda aka fara tun 1960, domin marubuta goma suna iya kiran cuta ɗaya da sunaye goma. Wanda ya nemo da daidaitacciyar kalma, duk za su zo masa a tare.

Dabara ta uku ita ce tantancewa, kuma ita ce mafi wuya. Ba duk abin da aka buga ne nauyinsa ɗaya ba. Rahoton majinyaci guda yana nuna cewa abu yana iya faruwa, amma bai nuna yawan faruwarsa ba. Bibiyar ma'aikata ɗaruruwa shekara da shekaru ya fi shi ƙarfi. Gwajin da aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, irin wanda aka yi wa kwinin da atisunet, shi ne mafi ƙarfi wajen auna magani. Sama da shi kuma akwai nazarin da yake tattara duk gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya ɗaya ya auna su tare, aikin da ƙungiyar Cochrane ta shahara da shi tun kafa ta a 1993, kuma tana da reshe a Kalaba. Mai karatu ya kamata ya tambayi kowace maƙala: wa ya rubuta, yaushe, mutum nawa aka gwada, wa ya biya kuɗin binciken, kuma shin wasu masana sun duba ta kafin a buga? Ko babbar mujalla tana iya kuskure. A 1998 mujallar Lancet ta buga wata maƙala da ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta yara, sai a 2010 ta janye ta, bayan iyaye da yawa sun riga sun guji allurar. Akwai kuma mujallun bogi da suke buga komai in dai an biya su. Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka bazu tun ƙarshen 2022, suna taimakawa wajen fahimtar magana mai wuya, amma sukan ƙago sunan maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, don haka duk abin da suka faɗa sai an koma an gan shi a rumbu. Saƙon waya kuwa kowa ya shaida aikinsa a watan Agusta na 2014, lokacin da aka yaɗa cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga cutar Ebola. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama suka kwanta a asibiti.

Dabara ta huɗu ita ce rubutawa da aikawa. Ma'aikacin lafiya mai ɗiban bayani ne, kuma mai zuba shi ne. Abin da ya rubuta a rajistar asibiti shi ake tattarawa duk wata a shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta samar, Nijeriya kuma ta ɗauke ta a matsayin rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa. Bayan Ebola aka ƙirƙiro manhajar SORMAS don kai rahoton annoba nan take, kuma jihohin Kano da Oyo ne aka fara gwada ta a 2015. A kan titin Independence, daura da Bompai, ƙungiyar eHealth Africa da aka kafa a 2009 ta yi aikin zana taswirar ƙauyuka da bibiyar masu allurar shan-inna ta wayoyin hannu, aikin da ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020. Darasin da ke nan shi ne, na'ura ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Idan ɗakunan shan magani biyar suka karɓi masu gyambon hannu, kowanne ya rubuta "gyambo" ya yi shiru, babu wanda zai gane cewa daga sashe ɗaya na kamfani ɗaya suka fito. Ƙara sana'a da unguwar majinyaci a rajista aikin daƙiƙa kaɗan ne, amma da shi ake gano bakin zaren.

Aikin ma'aikacin laburare

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ma'aikacin laburare shi ne jera littattafai da hana surutu. Haƙiƙa sana'arsa ita ce sanin inda kowane bayani yake da hanyar da ta fi kusa zuwa gare shi, kuma ana karanta ta har digiri a Sashen Kimiyyar Laburare da Bayanai na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarar 1971 wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Gertrude Lamb, ta fara wani tsari na bin likitoci zagayen marasa lafiya. Takan saurari tambayoyin da suka taso a gefen gado, ta koma ta nemo amsa ta kawo. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ma'aikatan laburaren lafiya na Afirka su ma sun kafa ƙungiyarsu mai suna AHILA a 1984.

Taimakon da laburare yake bayarwa iri uku ne. Na farko, shi ne yake yi wa cibiya rajista da rumbuna, ya tanadi kwamfuta da wuta da intanet a wuri ɗaya. Na biyu, yana nemo wa ma'aikaci bayani idan lokaci ya ƙure masa, domin nas ɗin da take duba mutum tamanin a yini ba ta da sukunin zama gaban na'ura. Na uku, wanda ya fi ɗorewa, shi ne horo. Horon da ya fi kama jiki shi ne gajere, na mutum kaɗan, kowa da na'ura ko waya a hannunsa, kuma a kan tambayar da ta taso daga aikinsu na wannan mako. Akan fara da abin da ake ganin ƙarami ne: buɗe adireshin saƙon intanet, adana takarda a inda za a same ta gobe, zaɓen kalmar sirri mai ƙarfi. Akan kuma ja kunne a kan amanar majinyaci, wato kada a ɗauki hoton fuskarsa ko katinsa a tura zauren hira na waya da sunan neman shawara.

Matsaloli da hanyoyin rage su

Manyan ɗakunan karatu na lafiya suna tare da manyan cibiyoyi, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da aka kafa a 1988. Amma ma'aikacin kamfani da ya ji ciwo yakan fara zuwa ɗakin shan magani na kamfani ko na unguwa ko kantin magani, wuraren da babu laburare, wani lokaci babu wuta. Ga tsadar kuɗin intanet, ga kuma Ingilishin mujallu mai nauyi. Waɗannan matsaloli na gaske ne, amma akwai dabarun rage su. Tun ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shuɗin akwatin ƙarfe mai ɗauke da zaɓaɓɓun littattafai sama da 100 don asibitocin karkara. Irin wannan tunani yana aiki da na'ura: ana iya sauke jagororin magani da katunan sinadarai a waya lokacin da akwai intanet, a karanta su lokacin da babu. Ɗakin shan magani da yake maƙwabtaka da kamfani yana iya neman jerin sinadaran da kamfanin yake amfani da su, ya buga katin kowanne ya ajiye a fayil guda kusa da akwatin taimakon gaggawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Babban laburare kuma yana iya ware lambar waya da ƙananan asibitoci za su riƙa aiko da tambaya. Makarantun koyon jinya da ungozoma da na duba-gari suna iya sanya neman bayani a cikin darussan da ake jarrabawa a kansu.

Kammalawa

Ɗalibin sakandare mai burin aikin lafiya ba sai ya jira shiga jami'a ba kafin ya fara. Malamin kimiyyar halittu ko na sinadarai yana iya ba ɗalibansa aiki mai sauƙi: su zaɓi sinadari ɗaya da ake amfani da shi a wata sana'a ta unguwarsu, kamar gyaran batir ko rini ko fenti ko feshin ƙwari, su nemo katinsa, su fassara sashen taimakon gaggawa zuwa Hausa, sannan su faɗi inda suka samo bayanin da shekarar da aka rubuta shi. Wanda ba shi da waya yana iya zuwa Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello, ko ya nemi taimakon mai kula da laburaren makarantarsu. Ɗalibin da ya saba tambayar "wa ya faɗa, yaushe, kuma da wace hujja" tun yana aji huɗu, idan wata rana aka shigo masa da ma'aikacin da ya faɗi a ramin kamfani, zai san abin da zai tambayi waɗanda suka kawo shi, da inda zai duba, da kuma gargaɗin da zai aika wa waɗanda suka rage a bakin ramin. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.